Dami na Goma: Zakka da Baiko a Majami'un Ƙasar Dungas

Lahadin godiyar kaka daban take da sauran ranakun sujada a ƙaramar majami'ar ƙauye ta ƙasar Dungas. Kafin a buga ƙarfen kira, an riga an sauke dammunan gero daga amalanken shanu a gindin gawon da ya soma sabon ganye. Mata na shigowa da ƙore a ka, wannan wake, waccan gyaɗa, wata riɗi, wata kuma kwalbar man gyaɗa da ta matse da hannunta jiya da dare. Ga kaza ɗaure tana fisge-fisge a gefen teburi, ga ɗan yaro ya jawo sandan rake da ya fi shi tsawo. In aka zo baiko, farantin da ke zagayawa zai dawo da kuɗin ƙasa biyu a haɗe: dala biyar da dala goma na sefa suna ƙara a ƙasa, takardun naira da suka sha hannu sun kwanta a kansu. Ma'aji na zaune da ɗan littafinsa yana rubutawa, fasto na addu'ar godiya, mata na guɗa.

A bencin baya kuwa akwai magidancin da hankalina ke komawa kansa duk lokacin da aka taso da maganar nan. A ce gonarsa ta ba shi dami ashirin, gidansa kuma baki tara ne. Shi ya sani, matarsa ta sani, har maƙwabta sun sani, hatsin nan ba zai ga shukar baɗi ba. Duk da haka ya ware biyu ya kawo. Mai wa'azi zai ce maka wannan shi ne dogaro ga Allah. Ƙanensa da ke ƙirga bakunan gidan zai ce ganganci ne. Ni a ganina ba a iya yanke wa dammunan nan biyu hukunci ranar da aka kawo su. Sai an bi sawunsu an ga inda suka kwana.

Rabin rikicin yana cikin kalmar kanta. Kiristan Hausa bai raɗa wa abin sabon suna ba. Zakka yake cewa, wani lokaci ushiri, yadda maƙwabcinsa Musulmi ke faɗi. Waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sun iske kalmomin a bakin mutane suka ɗauka. Baiko kuwa daban ne, shi ne abin da mutum ya bayar don ra'in kansa, ba shi da adadi. To amma kalma ba ta tafiya ita kaɗai, da kayanta take zuwa. A fikihun Malikiyya da ake bi a ƙasar nan, amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar yi masa ban ruwa kuwa rabin haka. Kuɗi da kayan ciniki biyu da rabi ne cikin ɗari, shi ma sai shekara ta zagayo. Uwa uba akwai nisabi: hatsin da bai kai wajen kilo 650 ba, buhu shida da rabi ke nan, ba zakka a kansa. An kuma ƙayyade masu karɓa, matalauta da miskinai ne a sahun gaba.

Majami'a ta aro sunan, ta iske adadin ya yi daidai da nata, amma nisabin ta bar shi a baya. Sai ya zama manomi biyu masu gona kan iyaka ɗaya, fari ɗaya ya same su, damin da suka ɗaure bai wuce juna ba, ɗaya shari'arsa ta yafe masa har ta sa shi cikin masu karɓa, ɗaya kuwa an gaya masa ranar Lahadi in bai kawo ba ya yi wa Allah ƙwace. Ba gorin wani addini nake yi wa wani ba, don manoma Musulmi da yawa su ma ba su tsayawa lissafin nisabi, dami na goma kawai suke jingine wa gefe don neman albarka. Abin da nake nunawa shi ne, tambayar da malaman fikihu suka zauna suka amsa, wato wa ya isa ya fitar, majami'un ƙauye da yawa ba su ko yi wa kansu ita ba.

Ƙasar nan ta san dami na goma tun ba a san mishan ba. Dungas na cikin tsofaffin sarautun Sosebaki, ita da Waca da Mirya, waɗanda suka shiga inuwar Damagaram a ƙarni na 19. A zamanin, zakkar hatsi kan bi ta hannun masu gari ta nufi rumbunan sarauta, talaka kuwa ba kullum yake iya bambanta ta da haraji ba. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, suka ɗora nasu harajin na kai. Saboda haka kunnen baƙauye ya daɗe da sanin cewa in babba ya ce a kawo kaso, fuska biyu gare ta: wata ta ibada, wata ta tilas. Mai wa'azin da bai lura ba, yana buɗe baki da ta farko, jama'a na jin ta biyun.

Mishan ɗin SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka faro a 1893, ta shigo Damagaram a 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri da Maraɗi da Dungas, da Galmi inda aka buɗe asibiti a 1950. Ta zo da wata aƙida da ta gada daga irin su Henry Venn, sakataren mishan ɗin CMS na Ingila a ƙarni na 19: ikkilisiyar ƴan ƙasa ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa kanta. Ma'ana, kada kuɗin Turawa ya zama albashin fasto. Aƙida ce mai hankali, don wanda ya ciyar da kai shi ke da bakin magana a gidanka. A Najeriya, wuraren da mutane suka shiga addinin dubbai, abin ya zauna. Ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, har tana aika nata masu bishara da kuɗin baikon jama'arta. A Nijar kuwa, inda Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ikkilisiyar EERN da ta fito daga aikin mishan ɗin a farkon shekarun ƴancin kai ta gaji aƙidar ba tare da yawan jama'ar da zai ɗauke ta ba. Gida goma, wani wuri biyar, su ne za su riƙe fasto da iyalinsa, su yi yaɓen majami'a, su aika kason gunduma.

Shi ya sa faston ƙauye a nan manomi ne kafin komai. Yana da gonarsa, yana da fartanyarsa, wani har da keken ɗinki ko ɗan teburin sayar da kaya. Abin ba sabo ba ne. Littafin Nehemiya, sura 13, ya ba da labarin Lawiyawan da aka daina kawo musu rabonsu, kowa ya bar hidimar Haikali ya koma gonarsa. Bulus ma da ɗinkin tanti ya riƙe kansa a Koranti. Duk wanda zai zargi faston ƙauye da yawan wa'azin zakka da kaka, ya fara leƙa rumbunsa tukuna.

To me Littafin ya ce ne? A nan ne za ka ga abin mamaki: zakkar Tsohon Alkawari ta fi kama da ta Dungas fiye da ta manyan majami'un Legas. Ba ta albashi ba ce. Littafin Firistoci, sura 27, hatsi da ƴaƴan itace ya ambata, da dabba ta goma cikin garken da makiyayi ke ƙirgawa da sanda. Wanda tumakinsa tara ne, ba ta goma balle a ware ta. Ashe can ma akwai ɗan abin da ya yi kama da nisabi. Littafin Ƙidaya, sura 18, ya ba Lawiyawa ita saboda su ba a raba musu ƙasa ba. Maimaitawar Shari'a, sura 14, ta ƙara abin da ba a cika ji daga bagadi ba: wani kason mai gonar ne da kansa zai ci shi da iyalinsa a wurin idi, kuma kowace shekara ta uku a tara zakkar a cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ko ayar Malakai 3 da kowane Kirista ya haddace don yawan ji, maganar ɗakin ajiya take yi, kuma dalilin da ta bayar shi ne a sami abinci a gidan. Rumbu ne, ba wani abu ba. Rumbu kuwa ba don cikawa kaɗai aka gina shi ba.

Masu cewa zakka dole ce har yau suna da hujjarsu. Ibrahim ya ba Malkisadik ushiri tun ba a saukar da Shari'ar Musa ba, Yakubu ya yi wa'adin haka a Betel, kuma da Yesu ya tsauta wa Farisiyawa a Matiyu 23 saboda suna fitar da zakkar ɗanɗoya da kayan yaji suna barin adalci da jinƙai, bai ce su daina fitarwa ba. Masu cewa ba dole ba ne su ma ba hannu rabbana suka zo ba. Na Ibrahim sau ɗaya ya faru, kuma daga ganimar yaƙi. Taron Urushalima na Ayyukan Manzanni 15, wanda ya zayyana abin da za a ɗora wa masu bi da ba Yahudawa ba, bai sa zakka a ciki ba. Bulus ya cika sura biyu cur, ta 8 da ta 9 a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, yana roƙon gudummawa, bai ambaci ɗaya cikin goma ko sau ɗaya ba. Abin da ya nanata shi ne a bayar gwargwadon abin da ake da shi, da farin ciki, ba bisa tilas ba, kuma kada a sauƙaƙa wa wasu ta hanyar ƙuntata wa wasu. Gudummawar ma ba ta gini ba ce, ta matalautan Urushalima ce.

Ni na fi karkata ga na biyun, amma ba don in sauke wa kowa nauyi ba. Ɗaya cikin goma mudu ne mai kyau. Yana koya wa hannu saki, yana hana mutum yi wa kansa ƙaryar cewa zai bayar in ya samu, alhali samun ba ya taɓa isa. Matsalarsa ita ce mudu ɗaya ne ga ciki daban-daban. Ma'aikacin da ke karɓar jika ɗari uku a wata a Damagaram ko Yamai, in ya cire jika talatin, tukunyarsa ba za ta rasa nama ba. Matar da ribar ƙosanta na mako jika biyu ce, in ta cire dala arba'in, kuɗin sabulu ne ya tafi ko na maganin zazzaɓin yaro. Adadi ɗaya, ciwo ba ɗaya ba. Ga mai albashin, ɗaya cikin goma ya zama wurin ɓuya: ya biya, ya wanke hannu, sauran tara ba mai tambayarsa. Ana yawan kawo labarin gwauruwar da ta jefa anini biyu a Markus 12 don a zaburar da talaka. Ayoyin da suka zo daf kafin labarin kuwa, tsawatarwa ce ga malaman da ke cinye gidajen gwauraye. Ba safai ake karanta su tare ba.

Turai ta riga ta gwada hanyar tilas har ƙarshenta. Taron limaman coci a Makon ta Faransa a shekara ta 585 ya yi barazanar korar wanda ya ƙi biya, sarki Sharlaman ya mai da ita dokar ƙasa a 779, manoma suka yi ta ɗaukar kayan shekara dubu suna gunaguni, har juyin juya halin Faransa ya soke ta a watan Agusta na 1789. Wato Faransawan da suka zo suna karɓar haraji a Magarya, kakanninsu sun yi tawaye ne, cikin wasu dalilai, don gudun dami na goma. Jamus ta bar nata a matsayin harajin coci da gwamnati ke cirewa, takwas ko tara cikin ɗari na harajin da mutum ke biya, kuma kowace shekara dubban ɗaruruwa ke zuwa ofis su soke sunansu.

Iskar da ta fi kaɗa majami'un kan iyaka a yau daga kudu take busowa. Tsakanin Dungas da Maigatari tafiyar ɗan lokaci ce, kasuwa ɗaya ake ci ranar Alhamis, wa'azin da ke cikin wayar ɗan Jigawa shi ke cikin ta ɗan Dogo-Dogo. Koyarwar shuka iri, wadda Oral Roberts ya yayata a Amurka, ta kafu a Najeriya ta hannun irin su Benson Idahosa na birnin Benin, ta mai da baiko jari: ka ba Allah ɗaya, ya mayar maka da ɗari. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, ya riga ya san da ruwan ciki ake jan na rijiya. Nan daɗin koyarwar yake, nan kuma dafinta yake. In bayarwa ciniki ce, to wanda ya bayar bai samu ba, laifin wa? Allah ba ya saɓa alkawari, fasto ba ya kuskure, saura mutum ɗaya ke nan: shi talakan, bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, ko akwai zunubin da ya ɓoye. Ya rasa damin, ya kuma koma gida da zargi a wuya. Manomin da ya ga farin 1984 da yunwar 2005 ya san fara ba ta tambayar gonar wa ta fitar da zakka kafin ta sauka.

A can ma inda abin ya fito ƙasa ta fara motsi. A 2017 wani mai shirin rediyo a Legas da aka fi sani da Daddy Freeze ya tayar da ƙura da cewa zakka ba ta hau kan Kirista ba, manyan fastoci suka yi masa ca. Fasto Enoch Adeboye na ikkilisiyar Redeemed ya taɓa cewa wanda ba ya fitar da zakka ba zai shiga sama ba. A watan Oktoba na 2024 ya fito gaban jama'a ya nemi gafara, ya ce wannan magana ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, ko da yake ya ƙara da cewa ɗaya cikin goma na masu koyo ne, kamata ya yi a wuce nan. Creflo Dollar na Amurka shi ma ya janye tasa koyarwar a 2022. Sai dai janyewa ba ta gudu kamar yadda wa'azin farko ya yi. Tsohon faifan na nan yana yawo daga waya zuwa waya a ƙauyukan da labarin neman gafarar bai iso ba.

In aka sauko daga gardamar malamai zuwa tsakar gida, tambayoyin sun fi ƙanana, sun kuma fi wuya. Goma na me za a ƙirga? Manomin da ya ci bashin dami ɗaya da damina zai biya biyu da kaka, ya sayi taki bashi, ya sa ƴan barema suka yi masa noma na biyu, shin daga tulin da ke gona zai ware, ko daga abin da ya saura bayan masu bashi sun kwashe nasu? Hatsin gandu na maigida ne, to gyaɗar gamanar uwargida fa, ita za ta fitar da kanta ko shi zai haɗa? Matar da ita kaɗai ce mai bi a gidan mijinta, daga ina za ta ɗiba ba tare da an ce ta yi sata ba? Saurayin da ya tafi cin rani Kano ko Agadas ya turo kuɗi, majami'ar can ce ke da hakki ko ta gida wadda ta yi masa baftisma? Kowace cikin waɗannan ta taɓa raba kan dattawan ikkilisiya, kuma ba ayar da ta yanke su kai tsaye. Akwai dai iyaka ɗaya da Yesu da kansa ya ja a Markus 7, inda ya soki masu keɓe dukiya da sunan Allah don su guje wa ciyar da iyayensu.

Ga kuma rigimar kuɗi biyu. A kasuwannin Magarya da Dungas naira na yawo kamar ƴar gida. Sefa ɗaure take da yuro, ba ta motsi, naira kuwa daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024 ta zube daga wajen 460 a dalar Amurka har ta haura 1,500. Ana cikin haka aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kamar yadda aka rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. Majami'ar da ta tara baikonta da naira a akwati ta wayi gari abin da zai sayi kwano goma ba ya sayen huɗu. Wanda ya kawo gero kuwa, geronsa na nan gero. Tsofaffin da suka nace a riƙa kawo zakka da hatsi, waɗanda matasa ke yi wa kallon ƴan da, su suka fi kowa gaskiya a shekarar.

To mene ne dogaro ga Allah a irin wannan wuri? Hausawa sun ce dogara ga Allah jari, sun kuma ce Allah ya ce tashi in taimake ka, ba su ga saɓani tsakanin biyun ba. Littafin ma haka. Huɗubar kan dutse ta ce a dubi tsuntsaye, ba su shuka ba su girbi amma ana ciyar da su. Manomin gero in ya ji wannan yakan yi murmushi, don ya san a gonar wa jan baki ke cin abincin nasa. Littafin da ya kawo tsuntsayen kuwa shi ne ya kawo Yusufu, wanda ya tara ɗaya cikin biyar na hatsin Masar shekara bakwai saboda yunwar da ke tafe, ba kuma wanda ya kira shi mai ƙarancin bangaskiya. Dogaron da na gani a wurin masu bayarwa na gaske ba jiran riba ba ne. Sakin fargaba ne. Mutum ne da ya yarda cewa rumbunsa ba shi ke riƙe da ransa ba, don haka hannunsa bai ƙage ba, ko ga majami'a, ko ga maƙwabcin da ya yi sallama da dare yana neman tiya ɗaya. Irin wannan mutum yana lissafi, yana adashi, yana ajiye iri. Abin da ba ya yi shi ne kwana da tsoro.

Mata sun fi maza gane wannan, kuma tarihin ya nuna. Zumuntar Mata ita ce ƙashin bayan kusan kowace majami'ar Hausa. In an yi haihuwa ko rasuwa ko baƙi, asusunsu ne ke fara buɗewa, daga dala-dalar da suke tarawa a taron mako. Ba banza ba ne tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta faro a Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasashe da dama, a kan adashin mata ya ginu. Can a Mizoram ta Indiya, matan majami'a tun farkon ƙarni na 20 suke ware damƙin shinkafa ɗaya duk lokacin da za su ɗora tukunya, a tara a sayar a riƙe masu hidima. Ba wanda ya kira musu adadi, ba wanda ya tsorata su da la'ana. Damƙi ne da ciki ba ya jin tafiyarsa, kuma ya ɗauki ikkilisiya shekara fiye da ɗari.

Sai dai mai bayarwa ba a hannun Allah yake danƙa damin ba, a hannun mutum yake danƙa shi. Wannan ita ce gaɓar da wa'azin zakka ya fi tsallakewa. Ana ce wa jama'a su amince da Allah, ba a cika gaya musu me ya sa za su amince da ma'aji ba. Bulus bai yi wannan sakaci ba: da zai aika gudummawar nan ta matalautan Urushalima, sai da ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi mutanen da za su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. A inda ake ƙirga baiko gaban mutum biyu ko uku, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a, za ka iske hannu na sakuwa ba tare da an ambaci Malakai ba. A inda littafin ke kwana a aljihun mutum ɗaya, ko an yi wa'azin wuta, farantin dala-dala zai riƙa dawowa da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba abin da ke tsaga bangon ƙaramar jama'a kamar kuɗin da ba a san inda ya shiga ba.

Ranar 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar ƙin zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram, aka ƙona majami'u, washegari abin ya kai Yamai. Mutum goma suka rasu, gomman majami'u suka ƙone, kuma an san Musulmi da dama da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu. Sake ginin ya fi ƙarfin farantin Lahadi, sai da ƙungiyoyin Kirista na waje suka sa hannu. Ba mai hankalin da zai ƙi wannan taimako. Amma ya bar tambaya a baya: in gini daga waje, rijiya daga waje, babur ɗin fasto daga waje, me ya saura da zakkar ɗan gida za ta yi wanda ba wanda zai yi masa?

Amsar tana cikin kalandar noma. Da kaka hatsi na arha, kowa na sayarwa don biyan bashi da haraji da hidimar aure. Daga bazara zuwa marka farashi ya hau, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin sauro ya shigo a daidai lokacin. Asibitin yara na Magarya, inda Likitoci Marasa Iyaka suka soma aiki a 2005, a watannin nan yake cika maƙil. Majami'ar da ta kwashe zakkar hatsi ta kai kasuwa a watan Nuwamba ta sayar a mafi ƙasƙancin farashi, ta saya wa ɗan kasuwa riba, shi kuma zai dawo da hatsin nan ya sayar wa jama'arta ninki a watan Yuli. Wadda ta zuba shi a rumbu ta sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun dattijo, ɗaya hannun shugabar mata, ta yi abin da bankunan cimaka na ƙauyuka ke yi, ta kuma yi abin da Maimaitawar Shari'a ta tsara tun farko. In an buɗe da marka, gwauruwa ta sami nata kyauta, baƙo ma haka ko ba mai bi ba ne, magidancin bencin baya kuwa ya zo da buhunsa a auna masa tiya goma ya mayar da kaka ba ninki. A nan dammunansa biyu suka kwana, ƙanensa ma ba shi da ta cewa.

Faɗa ta fi yi sauƙi. Zauna a taron dattawa mako ɗaya bayan godiyar kaka ka ji. Ɗaya zai ce damina ta cinye kusurwar majami'a, in ba a sayi siminti yanzu ba baɗi sai sabon gini. Wani zai tuna kason gunduma da ba a aika ba tun bara. Wani zai ce ƙwari za su shiga hatsin kafin Yuli, wa zai ɗauki asarar? Shugabar mata za ta ce a bar ko rabi ne. Fasto kuwa na zaune a gefe bai ce uffan ba, don maganar ta shafe shi: wata huɗu ke nan ba a ba shi komai ba, ɗiyarsa na jiran kuɗin makaranta a Magarya, gidansa shi ma baki tara ne, gonarsa kuma fari ɗaya ya same ta da ta kowa. Dammunan na jingine a bayan ɗakinsa, awaki na zagaya su.